Kawo Manja! Hirar Makarin Guba Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu

Mu dai mutanen gaɓar Gulbin Rima akwai halin da ba a raba mu da shi: in aka yi kururuwa a gidan maƙwabci, kafin mai kururuwar ya rufe baki gidan ya cika. Halin kirki ne, Allah Ya bar mu da shi. Daga Gesse zuwa Badariya, daga Tudun Wada zuwa Bayan Kara, har ka bi hanyar Ambursa ka sauka Argungu, babu wanda zai ji an ce yaro ya sha wani abu ya ci gaba da cin tuwonsa. Sai dai duk wanda ya shigo, da nasa maganin yake shigowa. Wannan ta riƙo kwalbar manja, waccan ta dama madarar gwangwani, wani ya fasa ɗanyen ƙwai, wani ya ce a jiƙa tsamiya, wani kuwa tuni ya naɗe hannun riga zai zura wa yaro yatsa a maƙogwaro don ya amayar. Kowa da niyyar alheri ya zo. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne me yaron ya sha, yaushe ya sha, kuma ina kwalbar take.

Wannan zance kan taso a majalisarmu duk lokacin da aka fara feshi a fadama ko aka shiga yankan shinkafa, don a lokutan nan ne labarin guba ke yawa. Muna da wani ɗan unguwa da ya daɗe yana aikin jinya, muna kiransa Likita ko da yake kullum roƙonmu yake mu daina ba shi muƙamin da ba nasa ba. Muna da Kawu, dattijo manomi ɗan Argungu, wanda ke sauka wurin ɗansa in ya shigo Birni. Ga kuma Gwaggo mai masa a gefe, wadda ba a taɓa tashi hira ba ta sa baki ba.

"Ni fa, ɗana, da manja munka tashi," in ji Kawu. "Ɗiyana biyu sun sha kananzir suna rarrafe, manja anka ɗura musu, ga su nan yau da nasu ɗiyan."

"Allah Ya ƙara raya su, Kawu," in ji Likita, "amma Allah ne Ya tsare, manjan bai yi komai ba. Kananzir in ya sauka ciki ya zauna, ɓarnarsa kaɗan ce. Huhu yake kashewa. In aka danne yaro yana kuka aka ɗura masa manja, ko aka sa shi amai, a lokacin ne kananzir ke kuɓucewa ya bi hanyar numfashi, kuma ɗigo kaɗan ya isa ya kumbura huhun yaro. Da daddare sai tari da zazzaɓi su taso, numfashi ya koma sama-sama, mu ce sanyi ne ya kama shi, alhali da hannunmu muka tura abin inda bai kamata ba."

Kananzir ba shi da makari. A asibiti lura ake yi da numfashin yaro, a ba shi iskar oksijin in yana bukata, har jikinsa ya warware. Haka ma sodar da matanmu ke haɗa sabulu da ita. Sana'a ce mai albarka, ta rufa wa gidaje da yawa asiri, amma mun saba jiƙa sodar mu zuba a robar ruwan sha ko ta lemo mu tura ƙarƙashin gado. Yaro mai ƙishirwa ba ya bambanta ta da ruwa. Tana ƙona maƙogwaro wajen sauka, in aka sa shi amai ta sake ƙona shi wajen fitowa. Bayan makonni sai a ga yaro ya kasa haɗiye tuwo, daga baya ko kunu ya gagara, saboda tabon ƙuna ya tsuke hanyar abinci.

Gwaggo ta juya masa a tanda ta ce, "To gawayi fa? Ai na ji an ce asibitin ma gawayi suke ba mutum. Mi ya raba shi da namu?"

"Gaskiya kika ji, Gwaggo. Akwai gawayin asibiti, wanda aka sarrafa shi musamman don ya riƙe guba a cikin hanji kafin ta shiga jini. Amma amfaninsa ya fi yawa a cikin awa ɗaya na farko, sai mutum yana cikin hayyacinsa ake ba shi, kuma ba ya kama kananzir ko soda. Na murhunki ba zai yi wannan aiki ba. Abin da nake so mu gane shi ne, guba da makarinta tamkar kwaɗo ne da mabuɗi. Kowane kwaɗo da nasa, akwai ma wanda ba a ƙera masa ba tukuna. Mu kuwa mabuɗi ɗaya muke yawo da shi, muna so ya buɗe kowace ƙofa."

Daga nan hira ta gangara fadama, inda zancen ya fi zafi. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashin noma a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, ga kamfanin Labana a Birni, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, shinkafa ta zama kuɗi, noman rani ya bunƙasa, feshi kuma ya zama aikin kowane saurayi mai neman na kashewa. Ku dubi yadda muke yinsa. Yaro zai tsuguna bakin rijiyar fadama, ya tsiyaya magani a murfin kwalba, ya zuba a tankin feshi, ya sa hannu ya gauraya. Ya goya tankin, murfin bai rufu da kyau ba, maganin yana tsiyaya ta gadon bayansa har rigar ta jiƙe sharkaf. Ƙafa ba takalmi, hanci ba ƙyalle, iska tana dawo masa da feshin a fuska. In bakin bututun ya toshe, sai ya cire ya sa a bakinsa ya hura. Da ya gama ya goge hannu a wando ya ɓare goro. In ya dawo gida yana jiri, sai mu ce rana ce ta buge shi, a dama masa fura da nono mai yawa, wai nono yana kashe ƙarfin magani.

Da yawa daga cikin magungunan ƙwari da muke amfani da su, har da Sniper da fiya-fiyar da ake sayarwa a ƙananan kwalabe marasa suna, dangi ɗaya ne. Aikinsu su hana jijiyoyin ƙwaro hutawa har ya mutu, kuma haka suke yi wa mutum, ko ya sha, ko ya shaƙa, ko sun ratsa ta fata. Alamominsu a bayyane suke ga wanda ya sani: yawu yana dalala, hawaye da gumi suna zuba, ga amai da zawo, baƙin ido ya tsuke ya zama ɗan mitsitsi, naman jiki yana rawa, ƙirji yana kurnu saboda ruwan da ya taru a huhu. Wannan ruwan ne ke shaƙe mutum.

"Shi kam yana da makari," in ji Likita, "kuma ba mai tsada ba ne. Sunansa atirofin. Allura ce ake yi a jijiya, a jira 'yan mintoci, a saurari ƙirji, in bai bushe ba a ninka, a sake ninkawa, har numfashi ya washe. Mutum ɗaya zai iya cinye kwalaben allura masu yawa a dare guda, shi ya sa asibitin da ke kusa da fadama bai kamata ya ajiye kaɗan ba. Akwai wata allurar ta biyu, pralidoxime, da ake haɗawa in an samu. Naku aikin kafin a iso wurinmu shi ne ku tuɓe masa rigar da ta jiƙe, ku wanke shi da ruwa da sabulu, ku kwantar da shi a gefensa don kada amai ya koma masa, ku ɗauko kwalbar ku taho. Manja da madara ba sa rage gubar, amai kawai suke jawowa."

Kawu ya ce, "Kwalbar kuma mi za ku yi da ita?"

"Ita ce ke gaya mana mabuɗin da za mu ɗauko, Kawu. Maganin ƙwari daban, maganin haki daban. Akwai na haki, irin su paraquat, da har yau duniya ba ta samo makarinsa ba. Haka ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake ko masara don kashe ƙwari, tana fitar da iska mai kisa, ba ta da makari, amma mu a ɗakin da muke kwana muke jibge buhunan. Shinkafar ɓera ma iri-iri ce. Wata tana tsinka jini, ita bitamin K ke karya ta. Wata kuwa sai dai a tallafi jiki a yi addu'a. In ba mu ga takardar da ke jikin kwalba ba, lalube za mu yi."

Ba a gona kaɗai abin ya tsaya ba. Sniper na gona ne, amma mun mai da shi na sauro da kyankyaso da kuɗin cizo, har da wanke kan yara don ƙwarƙwata, wasu kuma su yayyafa wa wake da busasshen kifi. Saboda irin wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni da kantuna. Kawu da kansa ya kawo zancen masu zuba gamalin a ruwa don kifi ya taso. Ya ce abin kunya ne ga ƙasar da tun 1934 duniya ke zuwa Matan Fada kallon Kabawa suna kamun kifi da homa da gora, a ce wani ya koma kisan kifi da guba. Gamalin jijjiga yake sawa, kuma ba shi da makari na kansa, sai allurar tsayar da jijjigar.

Wani saurayi a majalisar ya ce to me zai hana kowane manomi ya sayi atirofin ɗin ya ajiye a gida? Likita ya girgiza kai ya tambaye shi ko ya taɓa ganin wanda aka zuba wa zakami a zoɓo a wurin biki. Kowa ya yi dariya, don kusan kowa ya taɓa gani: baki ya bushe, jiki ya yi zafi, ido ya buɗe tar, mutum yana kamun abin da babu shi yana surutai. Likita ya ce to abin da ke cikin zakami dangin atirofin ne. Abin da ke ceton wanda ya sha fiya-fiya, shi ne ke haukata mai lafiya, har ya kai shi lahira in ya yi yawa. Shi ma zakamin yana da nasa makarin, physostigmine, wanda masana a Jamus suka fara tatsowa a 1864 daga wani wake mai guba da ke fitowa a yankin Kalaba, a nan ƙasarmu. Ke nan makari ma guba ne in bai sami gubar da zai kara da ita ba, shi ya sa sai hannun wanda ya koya.

Zancen maciji kuwa, nan ne Kawu ya gyara zama. A cikin watannin yankan shinkafa da ɗaurin dami, da lokacin da ambaliya ta kori macizai zuwa tudu kamar yadda muka gani a 2020, ba a rasa wanda aka sara. Mun san abin da muke yi. A yage ƙyalle ko a samo robar taya a ɗaure ƙafa tamau. A kawo reza a tsaga wurin, wani ya sa baki ya tsotsa, a manna baƙin dutse, a ba shi jiƙo ya sha ya yi amai, a kai shi gidan mai magani ya kwana.

"Wanga kam ba ka iya musu," in ji Kawu. "Na ga mutane da idona sun tashi a hannun mai magani."

"Ba na musu, Kawu, sun tashi. Amma ba kowane maciji ke da dafi ba, kuma mai dafin ma ba kowane sara yake zuba shi ba. Waɗannan ko ba a yi musu komai ba za su tashi. Wanda kububuwa ta zuba wa dafi sosai shi ne abin ji. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai kwana yana hira, a ce ya warke, kashegari dasashi ya fara jini, fitsari ya yi ja, duk inda aka tsaga da reza ya ƙi tsayawa. In jinin ya ɓalle a cikin kai, shi ke nan. Ɗaurin nan kuma ba ya tsare dafi, ƙafar yake kashewa har a kai ga yanke ta."

Ya ba mu labarin gwajin da suke yi, wanda ba ya bukatar na'ura ko wutar lantarki. A ɗebi jini kaɗan a zuba a 'yar kwalbar gilashi busasshiya mai tsabta, a ajiye ta kada a taɓa, a duba agogo. Bayan minti 20 a karkata ta a hankali. In jinin ya daskare ya tsaya, da sauƙi, sai a ci gaba da lura a sake gwadawa. In ya gangaro kamar ruwa, dafi yana aiki, sai allurar makari. In aka yi ta a kan lokaci, cikin 'yan awoyi jinin dasashi ke tsayawa.

Wannan allura tana da tarihin da ya shafe mu. Macizan ƙasar nan aka kai Liverpool a Ingila aka tatsi dafinsu, aka haɗa iri biyu da ake kira EchiTAb. Ɗaya an yi ta a Wales da jinin tumaki don kububuwa, ɗayar a ƙasar Kosta Rika da jinin dawaki, tana maganin kububuwa da kasa da gamsheƙa. Asibitin saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe ya daɗe yana ceton dubban manoma da makiyaya da su, kuma masana irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero sun shafe shekaru suna bincike a kai. Dalilin da ya sa sunan allurar ke da muhimmanci shi ne, akwai wadda aka yi don macizan Indiya, ba ta yi wa kububuwarmu aikin kirki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su. Namu aikin shi ne a kwantar wa mutum da hankali, a cire zobe da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a tallafe ƙafar da sanda kada ta riƙa motsi, a ɗauke shi kada ya taka. In gamsheƙa ce ta tofa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa. Addu'a da tofi a yi su a hanya, mota tana tafiya.

Da aka zo zancen ƙwaya, murya ta yi ƙasa, don babu unguwar da abin bai taɓa ba. Ba 'yan iska kaɗai ke sha ba. Akwai ɗan ƙwadagon da ke haɗiyar tiramol don ya yini a duƙe yana dashe, akwai ɗan kabu-kabu, akwai matar aure da kwalbar kodin a ƙasan akwati. Binciken da gwamnati ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 a Najeriya suna ta'ammali da kayan maye, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramol da kodin suke sha. A watan Mayun shekarar ne gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton da BBC ta fitar. Tiramol da doka ta yarda da shi mai miligiram 50 ne da 100, amma wanda ke yawo a hannun yara har mai 225 akwai.

In yaro ya sha ya wuce kima, abin da muka saba shi ne a sheƙa masa ruwan sanyi, a mammare shi, a matsa masa lemun tsami a baki, in bai tashi ba a ja ƙofa a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake, kada maƙwabta su ji. Wannan barcin ne ke tafiya da su. Irin waɗannan ƙwayoyi numfashi suke ragewa sannu a hankali. In ka ga an girgiza shi bai motsa ba, numfashi jefi-jefi, yana wani irin minshari mai nauyi, leɓe ya fara duhu, to mintoci suka rage. Makarinsa naloxone ne, allurar da cikin minti biyu zuwa uku take dawo da numfashi. A Amurka tun 2023 ana sayar da na fesawa a hanci ba tare da takardar likita ba, saboda yawan mace-macen da suka gani. Sai dai ƙarfinsa yana ƙarewa kafin na ƙwayar, don haka wanda ya farka ba tashi zai yi ya tafi gida ba, sai an ci gaba da lura da shi. Tiramol kuma yana sa jijjiga, wadda wata allurar daban ke tsayarwa.

Gwaggo ta ajiye cokali ta ce, "Wallahi, ɗana, kunya ce ke kashe mu. Uwa ta san abin da ɗanta ya sha, amma a gaban likita sai ta ce shawara ce ko iska."

"Shi ne abin da ya fi ba mu wahala, Gwaggo. Mu ba alƙalai ba ne. Ko ƙwaya ce, ko ɓacin rai ne ya sa yarinya ta sha wani abu, a faɗa mana gaskiya. In an ceto rai, faɗa da nasiha suna da lokacinsu. Wanda kuma damuwa ta kai shi ga haka, jan sa a jiki yake bukata da ganin likitan da ya san ciwon damuwa, ba gori ba."

Akwai kuma gubar da muke saye da kuɗinmu da sunan magani. Mu je kemis mu ce a haɗa mana na ciwon jiki, a ƙulla mana kala biyar a leda. Mu dawo gida mu ƙara da na mura, mu ƙara da Panadol, ba mu san duka ukun farasitamol ne a ciki ba. Babban mutum bai kamata ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da kwana ba, yaro kuwa da nauyinsa ake auna masa. Sharrin wannan magani in ya yi yawa shi ne shiru. Ranar farko mutum garau, ko ɗan tashin zuciya kawai. Sai a kwana biyu ko uku ido ya yi rawaya, hanta ta riga ta lalace. Makarinsa acetylcysteine, in aka fara shi cikin awa 8 kusan gaba ɗaya yake tsare hanta. Don haka wanda ya san an sha da yawa kada ya jira alama.

Da hunturu kuma mukan shigar da kaskon garwashi ɗaki mu toshe ko'ina, ko mu jawo janareto cikin zaure don tsoron ɓarayi. Iskar da ke fita daga cikinsu ba ta da wari ba ta da launi. Da safe a tarar da mutanen ɗaki ɗaya duk a kwance, wasu da ciwon kai da amai, wasu sun suma. Nan take zargi ya tashi, a ce an sa musu wani abu a tuwon dare, a fara kallon kishiya ko maƙwabciya, gaba ta shiga tsakanin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Makarin wannan iskar oksijin ce. A buɗe ƙofa da taga, a fito da su fili, a garzaya asibiti.

Maƙwabtanmu na Zamfara sun koya mana wani darasin da tsada. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi amfani da wani magani, succimer, mai kamo dalma daga jini ya fitar da ita ta fitsari. Amma sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa kafin maganin ya yi amfani mai ɗorewa, don yaron da aka wanke wa jini in ya koma wasa cikin ƙurar nan, gubar dawowa take. Mu ma da ake haƙar zinariya a kudancin jiharmu, wannan zance namu ne. Haka yake ga kowace guba: in ba a ɗauke kwalbar daga inda hannun yaro ke kai ba, za a sake komawa asibiti.

Kawu ya yi shiru can ya ce, "To ashe gudun da muke yi zuwa madafa neman manja, da bakin titi munka yi neman mota, da ya fi." Likita ya ce iyakar zancen ke nan.

Jama'a, taruwar da muke yi in an yi kururuwa kada mu daina, amma mu raba aikin. Wani ya nemo abin hawa, wani ya ɗauko kwalba ko ledar maganin, wani ya riƙe lokacin da abin ya faru, wani ya kwantar da majinyaci a gefensa ya lura da numfashinsa. Kada a ɗura komai, kada a sa amai, kada a ɗaure, kada a tsaga. A nufi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Argungu, ko Sir Yahaya, ko asibitin tarayya na Birnin Kebbi, ko na Kalgo, a faɗi gaskiyar abin da aka sha. A gida kuma maganin feshi da soda da kananzir su zauna cikin mazubinsu na asali, a wuri mai makulli, nesa da abinci. Mai feshi ya rufe jikinsa da hancinsa, mai yankan shinkafa ya sa dogon takalmin roba, mai fita da dare ya riƙe tocila. Ga hukumomin lafiya da wakilanmu da sarakunanmu na Gwandu da Argungu, roƙonmu shi ne a tabbatar kowane babban asibiti da ke bakin fadama yana da atirofin mai yawa, da allurar saran maciji ta gaskiya a farashin da talaka zai iya, da naloxone, da oksijin, tun kafin damina ta sauka, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya tsare mu da iyalanmu.